Mai Famfo da Jakar Goyo

In ka hango mutum daga nesa yana tafe a karkace, kafaɗar dama ta yi ƙasa ta hagu ta yi sama, ba sai ka tambaya ba, Mai Famfo ne. Ko ranar da ya yi wanka ya zuba manyan kaya zai je duba mara lafiya, hannunsa babu komai, haka yake tafiya. Akwatin ƙarfensa ne ya mayar da shi haka, shekara talatin da huɗu yana rataye a hannun nan na dama.

Sana'arsa gyaran injin tura ruwa, irin wanda ake kafawa a saman bene ko a ƙarƙashin tanki can kan doguwar hasumiyar ƙarfe. Da gyaran janareta ya fara yana saurayi, a wajen wani tsohon makanike mai faɗan tsiya. Da gari ya soma tashi sama, kowa na ɗora bene kan bene, ya lura ruwa ba ya hawa da kansa, sai ya bi injinan ya hau. Allah kuwa ya ba shi kunne. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotarta a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce maka boris ne ya mutu, ko yashi ne ya shiga farfela. In aka buɗe, abin da ya faɗa shi za a tarar. Da inji yana da hira, har lallashinsa yake yi. A gida kuwa in ka ji ya jera magana uku, to wani abu ya faru.

Akwatin da kansa ya zana shi, ya kai wa mai walda ƙofar wata tsohuwar motar ɗaukar kaya aka yanka aka haɗa. Abin da ke ciki sai wanda ya gani. Sifana kowace lamba bibbiyu, guduma uku, filaya, zarto, tarkacen waya, da gwangwanaye cike fal da noti da wosha. Mai Famfo bai taɓa wuce noti a kan hanya ba. Yana kan babur zai taka birki, motoci na danna masa hon, ya sauka ya tsince shi, ya hure ƙasar, ya jefa a aljihu. In ka yi magana ya ce wata rana za a neme shi. Ni dai ban taɓa jin ranar ta zo ba.

Da wannan akwatin ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya kai babbar ta zama ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti. Mutanen unguwa Nas suke ce mata, shi kuma Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Matarsa kowa Inna yake ce mata, har shi.

Abin ya faru ne wata safiya a wani gida mai hawa uku. Tsanin ƙarfe ne manne da bango, ya kama hawa yadda ya saba: akwati a dama, hagu na cafkar ƙarfe, ya saki ya cafki na sama. Ya kusa kaiwa ya ji kafaɗar ta ce ƙas, yatsunsa suka buɗe da kansu ba da shawararsa ba. Akwati ya tafi. A ƙasa matar gidan na shanya. Ta ɗaga ƙafa ke nan daga gindin tsanin, akwatin ya dira kan bahon wankinta ya mayar da shi faranti. Noti har bakin titi. Matar ta zauna daɓas ta kasa ko salati, shi kuma yana can sama maƙale da hannu ɗaya, yana kallon daidai inda take tsaye ɗazu.

Labari ya riga shi isa gida. Kafin la'asar Nas ta zo ta tasa ƙeyarsa zuwa wajen likitan ƙashi, har da lanƙwasasshen akwatin da mutanen gidan suka tattara masa. Likita ya matsa nan ya ɗaga can, ya ce jijiyar kafaɗar ta cinye, saura ƙiris ta tsinke. Ɗaukar kaya a hannu ɗaya ya ƙare. In dole sai ya ɗauka, to a baya, kafaɗa biyu su raba, kuma kada ya wuce kilo takwas. Nas ta jawo akwatin ta ɗora kan sikelin da ake auna marasa lafiya. Kilo ashirin da shida.

"Baba, ka ji tsoron Allah!" in ji ta. "Nauyin ɗan shekara takwas kake hawa tsani da shi a hannu ɗaya?"

"Ai na saba, Uwata."

"Ka saba, ita matar da ta kusa mutuwa ta saba ne? Ba ni makullin babur."

Ya dubi likita, likita ya kau da kai yana rubutu. Ya laluba ya ciro makullin ya ba ta, don bai taɓa iya yi mata musu ba. Ta jefa shi a aljihun farar rigarta.

"Ranar da na ga ka hau tsani da idona, hannunka biyu a kan ƙarfe, kayanka bai wuce abin da likita ya ce ba, ranar zan mayar maka. In ba haka ba, Baba, ka gama aiki. Ka ciyar da mu, yanzu mu ma mu ciyar da kai."

Magana ce mai daɗi, kowane uba zai so ya ji ta. Amma a kunnen Mai Famfo kamar an ce masa ya kwanta ya jira ajali. Sati uku ya yi a gida. Ya gyara fankar ɗaki, ya gyara ƙyauren bayi, ya kwance famfon tsakar gida da lafiyarsa lau ya sake ɗaurawa, har Inna ta ce in ya taɓa mata keken ɗinki za su raba gari. Waya na ta ruri, ruwan wane ya ɗauke, injin wance na hayaƙi, shi kuma yana tura su wajen wasu. Duk wanda ya tura sai ya ajiye wayar yana kallon tafin hannunsa, wanda baƙin mai ya fara barinsa. Tsoro ne ya kama shi, kuma ba na faɗowa ba. Tsoron zama yake ji, tsoron ya zama tsohon da ake kawo wa abinci a tambaye shi ya jiki.

Ana haka sai ga mijin Nas, mutumin kirki mai aikin ofis, ya shigo da kwali niƙi-niƙi. Ya durƙusa ya gaishe da surukinsa, ya ce ya ji abin da likita ya ce, shi ne ya yi oda ta waya aka kawo wannan. Jakar goyo ce ta makanikai, baƙa, ƙatuwa, gindinta roba mai tauri, aljihunanta hamsin da biyu. Har da 'yar fitila a murfi.

Da ma Mai Famfo ya sha cewa jakar goyo ta 'yan makaranta ce, shi da furfurarsa ba zai goya jaka ana yi masa dariya ba. Amma a gaban suruki ina bakin faɗa? Ya yi ta sa albarka, Allah ya saka, Allah ya ba ka masu yi maka. Suruki na fita ya jawo jakar ya zuge zif ɗin farko, ya zuge na biyu, sai idonsa ya kawo haske. Aljihu cikin aljihu! Wannan na sifana, wannan na filaya, wannan kamar don gwangwanin noti aka ɗinka shi. Ya juye akwati gaba ɗaya a ciki, ya ga saura wuri. Kun san makanike da wurin da babu komai, ransa ba ya kwanciya. Ya shiga ƙarƙashin gado ya jawo kayan da akwatin ma ya ƙi ɗauka tun da can: jak ɗin mota, tsohuwar farfela, igiyar ƙarfe. Kafin azahar aljihu hamsin da biyu babu wanda ke jin yunwa.

Ya zauna a tabarma, ya zura hannuwa a maɗauri, ya ce bismilla, ya yunƙura. Jaka ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa da ƙarfi, ta fizge shi baya ya yi rigingine, ƙafafu sama kamar kunkurun da aka birkice. A haka Nas ta shigo ta same shi, Inna na tsaye a ƙofar kicin ta toshe baki da gefen mayafi kafaɗunta na rawa. Nas ba ta yi dariya ba. Ta fiddo ɗan sikelin ratayawa daga jakarta, ita da Inna suka kama suka ɗaga. Kilo talatin da ɗaya.

"Baba, akwatin ma ya fi sauƙi," in ji ta. Ta shafa aljihun da makullin yake, ta yi musu sallama.

Washegari ya ce to, bari a rage. Ya baje komai a kan tabarma a inuwar tsakar gida, ya ce tsibi biyu zai yi, na tafiya da na zama. Ya ɗauki guduma ya juya ta, ya tuna ranar da ta fitar da shi kunya a gidan wani alƙali, ya sa ta a na tafiya. Ya ɗauki sifana lamba talatin da biyu, ya ce wa ya sani, ya sa ta a na tafiya. Har rana ta take, tsibin zama bai wuce karyayyen zarto da ƙusa guda ba. Can ya miƙa hannu ya ɗauke ƙusar ma. Sannan ya dafe kai, don ya gane abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce a fili, ba da kowa yake ba, "Shi ke nan, na zauna ke nan."

Inna na gefe tana wanki, kumfa har gwiwar hannu. Ta ɗauraye hannu ta goge a zani, ta zo ta tsuguna a bakin tabarmar.

"Malam, in taɓa?"

A shekara talatin da huɗu bai taɓa barin kowa ya taɓa kayan aikinsa yana kallo ba. Ya ce, "Taɓa mana. Me ya rage?"

Ta shimfiɗa tsohon ɗankwali. Ba ta yi wani lalube ba, hannunta ya tafi kai tsaye. "Wannan ƙaramar mai baki biyu, aljihun wando na dama. Wannan yayarta, ita ma nan. Wannan mai jan hannu, aljihun ƙirji, ita ta huda maka riga huɗu. Mai cizon nan, aljihun baya. Farin zaren roban nan da kake naɗa wa bakin bututu, aljihun hagu, kullum a warware." Tana faɗa tana ɗorawa kan ɗankwali: sifana lamba goma, lamba sha uku, lamba sha bakwai, sukudireba biyu, testar gwada wuta, filaya, farin zaren, 'yar wuƙa da tef ɗin naɗe waya. "Wannan babbar ba ta shiga aljihu, amma a ƙugu kake soke ta, ina ganin shatin tsatsarta a wando." Ta ɗora sifanar bututu. Da ta gama, abu goma sha ɗaya ne a kan ɗankwalin.

"Mene ne wannan kuma?"

"Kayan aikinka ke nan. Sauran rakiya suke yi maka."

Ransa ya ɗan sosu. "Ke Inna, me kika sani a inji? Ko sunansu ba ki sani ba."

"Ban san sunansu ba, amma na san inda suke kwana. Wa ke zazzage maka aljihu kafin a jiƙa kaya? Kullum ka dawo ka tuɓe ka jefa a baho, ni nake ciro su, in goge, in mayar saman akwati kafin ka fita. Tun Nas tana goye su ɗin nan ne, ba su taɓa canzawa ba. Kai kana zaton da ƙafarsu suke komawa?"

Wallahi shi duk zatonsa shi yake mayarwa. Ya ce, "To guduma fa?"

"Dubi ƙotarta. Ƙura ce ko maiƙo? Dubi waɗannan kuma yadda suke sheƙi. Abin da hannu ke riƙewa ai ba ya ɓuya, Malam. In kana son guduma ɗauki 'yar ƙaramar, ita tana zuwa aljihu kamar sau biyu a wata."

Ya shiga bin kansa a zuci, hawa bayan hawa. Ya isa saman bene, ya dire akwati a bakin tsani, ya buɗe, ya cika aljihu, ya rarrafa ƙarƙashin tanki inda akwati ba ya shiga. Ya gama, ya rufe akwati, ya sauko da shi. Gaskiyarta ce. Shekara talatin da huɗu yana aiki daga aljihunsa, yana jan kilo ashirin da shida sama don ya je ya zauna a bakin tsani ya sha iska. Kunya ta kama shi, dariya ma ta kama shi, ya rasa wadda zai fara.

Tana ƙulle ɗankwalin ne ya ga wani farin tabo ya ratsa yatsunta biyu. Ya tambaye ta na mene ne. Ta ce guntun zarto ne da ya taɓa barin shi a aljihun baya, shekarar da aka haifi auta. Ya ce don me ba ta faɗa ba. Ta ce ya dawo a gajiye ranar, kuma ai ya warke.

Da safe suka shiga motar haya su biyu suka nufi layin masu jakunkuna, Inna rungume da ƙullin ɗankwali. Mai shagon matashi ne mai zaƙin baki. Yana jin makanike ne ya sa sanda ya sauko da wata ƙatuwa mai taya.

"Baba, wannan ita ce taka. Gareji guda za ta ɗauke."

"Mayar da ita, ɗana. Ni na san halina. Duk aljihun da ka ba ni sai na cika shi. Nemo mini wadda in na sa waɗannan, ko noti na tsinta a hanya in rasa inda zan sa shi."

Mai shago ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo neman ƙarancin wuri ba. Ya sauko da guda shida. Mai Famfo ya duba su yadda yake duba inji. Ya taka maɗaurin ta farko da ƙafa ya ja sama, ɗinki ya ce ɓarar, ya ajiye ta. Ta biyu gindinta yadi ne, ya ce saman bene kullum a jiƙe yake, za ta sha ruwa ta sha mai. Ta uku faɗi gare ta, ya auna da kamu ya ce ba za ta wuce zoben ƙarfen da ke kewaye da tsanin hasumiya ba, za ta maƙale shi a tsakiya. Ta huɗu cikinta baƙi ƙirin, ya jefa wosha ciki ya ce mai shago ya nemo, mai shago ya yi ta lalube har da fitilar waya. Ita kuma Inna tana juya kowace ciki waje tana bin ɗinkin da farce, tana cewa wannan layi ɗaya ne, wata uku zai farke, kuma ta san wa za a kawo wa.

Ta biyar ce ta tsaya. 'Yar siririya, toka-toka, cikinta ruwan ɗorawa, gindinta roba, aljihu goma sha huɗu, da wani ɗan maɗauri da ke haɗe kafaɗa biyu a ƙirji. Ya jera kayan ɗankwali a ciki, ya ƙara ƙaramar guduma da gwangwani ɗaya na wosha, ƙarami. Saura aljihu guda. Ya dube shi, Inna ta dube shi. Ta ciro hankici daga jakarta ta cusa a ciki, ta ce na goge hannu ne, kuma kada ta ga an cire.

Ya goya, ya ɗaure ƙirji, ya ce a ara masa tsanin da ake sauko da kaya. Ya hau ya sauka sau uku, ya karkata dama ya karkata hagu don ya ji ko za ta yi lilo. Ba ta motsa ba. Masu shagunan kusa suka fito kallo, wani ya ce, "Baba, aji nawa za a shiga?" Ya ce aji ɗaya, yau ya fara karatu, ga malamarsa nan tsaye.

Jakar suruki kuwa bai wulaƙanta ta ba. Ya jera sauran kayan a ciki ya kafa ta a kusurwar ɗaki, ya kira shi ya ce ta zama rumbu, duk ranar da aikin babbar guduma ya taso nan za a zo a ɗauka. Nas ta zo ta rataya ƙaramar a sikeli. Kilo shida da rabi. Ta gyaɗa kai, amma hannunta bai je aljihu ba.

"Na ce sai na gani da idona, Baba."

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, ruwa ya ɗauke a asibitinsu. Injin da ke ƙarƙashin tanki ya yi gurnani ya tsaya, ga mata biyu a ɗakin haihuwa, masu shara na jigila da bokiti daga maƙwabta. An kira makanike biyu, ɗaya ya yi tafiya, ɗaya ya ce sai yamma. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce wa Nas, "Ba babanki ne Mai Famfo ba?" Nas ta daɗe tana kallon wayarta kafin ta kira. Mijinta ne ya ɗauko shi a mota.

Hasumiyar doguwa ce, ta fi gidan da ya saki akwati tsawo. Ya tsaya a gindinta ya ɗaure maɗaurin ƙirji, Nas na bayansa, hannunta cikin aljihu ta damƙe makullin. Ya ɗaga hagu ya kama ƙarfe. Hannun dama kuwa ya tsaya a gefe a dunƙule, yana riƙe da akwatin da babu shi. Sai da ya dube shi ya ce, "Kai, tashi ka yi aiki," sannan ya ɗago. Kafaɗar ta yi ɗan tsami amma ta ɗauka. Hagu, dama, hagu, dama. Ashe haka sauran mutane suke hawa! Ya wuce zoben ƙarfe jaka ba ta taɓa komai ba. Ya isa sama numfashinsa bai ko sauya ba, har ya tsaya ya dubi garin, rufin gidaje da tankuna birjik, rabinsu ya san kukan injinsu.

Ya ɗora sukudireba ya kara kunne, ya ce a kunna a kashe. Yashi ne. Lamba goma ta cire murfi, lamba sha uku ta saki farfela, ya wanke ta, ya sauya wosha guda daga ɗan gwangwanin, ya naɗa farin zare a bakin bututu ya ɗaure. Bai nemi abin da babu ba. Ya leƙo ya ɗaga murya ya ce a kunna. Inji ya ɗauka sumul, bututu ya yi tari sau biyu, can cikin asibiti wata mai shara ta rangaɗa ihu, "Ruwa ya zo!"

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya tarar Nas ta haɗe rai, idonta jawur. Ta ciro makullin ta danƙa masa a tafin hannu, duk ya jiƙe da gumin hannunta.

"Duk wata sai na auna jakar nan," in ji ta. "In ta wuce kilo takwas ko da noti ɗaya ne, zan karɓe."

"Na yarda, Uwata. Allah ya yi miki albarka. Da ba ki ƙwace ba, da yanzu wataƙila na kashe wani."

Da la'asar ya shigo gida, baƙin mai har gwiwar hannu, yana jin kansa kamar ɗan shekara talatin. Inna ta riga ta tara ruwa a baho. Ya shiga ɗaki ya tuɓe kayan aiki, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya zazzage aljihunan da kansa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da komai jaka, ya bi kowane lungu da yatsa kada wani abu mai kaifi ya maƙale. Ya sauya riga, ya fito ya miƙa mata kayan hannu da hannu.

"Inna, na gode. Aikin nan ke kika dawo mini da shi. Kuma na gode da na shekara talatin da huɗu, wanda ban san ana yi ba."

Ta ce, "Kai Malam, sai ka ce wata baƙuwa," ta sunkuyar da kai. Hannunta ya shiga aljihun dama yadda ya saba. Babu komai. Ta duba na hagu, ta duba na baya, ta duba na ƙirji. Ta tsaya riƙe da wandon, fuskarta ta sauya.

"Na kwashe," in ji shi da alfahari. "Ba abin da zai ƙara yankar ki."

"To ni yanzu ta ina zan san yadda ka yini?" ta ce a hankali. "In na ga yashi na san farfela ka wanke. In na ga guntun waya na san wuta ce ta ba ka wahala. In na ga mai cizon nan ta yi baƙi na san ranar ka sha faɗa da inji, sai in ce yara su yi shiru. Kai ba ka magana, Malam. Aljihun ne ke gaya mini."

Mai Famfo ya dubi wandon da ke hannunta. Ya jawo 'yar kujera ya ajiye a gefen bahon ya zauna. Ya yi gyaran murya sau biyu, don abin ba sabonsa ba ne.

"To," ya ce, "da muka isa, hasumiyar doguwa ce. Na kama da hagu, sai hannun daman nan ya ƙi tashi."

Inna ta tsoma wandon a ruwa ta ce, "Sai aka yi yaya?"